Tsakanin Mai Gida da Mai Wucewa: Wa Ke da Haƙƙin Hanya?

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga unguwannin zama na Abuja a 'yan shekarun nan, irin su Gwarimpa da Kubwa da Lokogoma da wasu sassan Wuse da Garki, zai lura da wani abu wanda babu shi a taswirar da aka zana wa birnin tun farko, wato ƙyauren ƙarfe a bakin layi. Wani layin da dare kawai ake rufe shi. Wani kuwa an garƙame bakinsa ɗaya da kwaɗo dare da rana, an bar ɗaya bakin a hannun maigadi. Galibi mazauna layin ne suke yin karo-karo su kafa ƙyauren, su kuma riƙa biyan mai tsaronsa duk wata. Da wuya a sami irin wannan ƙyaure da ba a yi tataɓurza a kansa ba, domin kuwa yayin da wasu ke cewa a rufe don a zauna lafiya, wasu cewa suke yi a buɗe don jama'a su sami hanyar ɓullewa.

A zahiri magana ce ta ƙarfe da kwaɗo, amma idan muka tona za mu tarar da tambayoyi biyu na ɗabi'a a ƙarƙashinta. Ta farko, shin ya halatta mutum ya sayi kwanciyar hankalinsa da wahalar wani wanda bai sani ba, bai kuma shawarce shi ba? Ta biyu, shin ya halatta jama'a, don kawai suna da yawa, su ɗora wa 'yan gidaje ƙalilan ƙara da ƙura da haɗari domin su rage mintuna goma a tafiyarsu? Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, sai dai an cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe, wato mota da mutum. Mai gida yana da haƙƙin a kare shi daga cutar mota, amma wannan haƙƙi bai kai ga hana mutum bin hanyar da ta ɓulle ba.

Alkawarin da Taswira Ta Ɗauka

Kafin mu saurari ɓangarorin, ya kyautu mu san yadda aka yi aka zo nan. A watan Fabrairun 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Dokar Soja mai lamba 6, wadda ta keɓe yankin sabon babban birnin tarayya. A 1979 kamfanin International Planning Associates na Amurka ya miƙa babban tsarin birnin, sa'an nan gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Tsarin ya kasa birnin gunduma-gunduma, kowace gunduma kuma unguwa-unguwa, da nufin kowace unguwa ta sami makarantar firamarenta da 'yan kantunanta a inda ƙafa za ta iya kaiwa. Titunan ma hawa-hawa aka yi su. Manya su ɗauki mai tafiya mai nisa su zagaya da shi ta gefen unguwa, matsakaita su tattaro motocin unguwa su miƙa wa manya, ƙanana kuwa su tsaya ga kai mutum ƙofar gidansa. Wannan tunani ne da ake dangantawa da masanin tsara birane ɗan Amurka, Clarence Perry, wanda ya bayyana shi a 1929. Shi ya sa a Maitama da Asokoro da Wuse ake ganin layuka masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, da waɗanda ba su ɓullewa ko'ina.

Ke nan taswira ta ɗaukar wa mai gida alkawarin cewa ayarin motoci ba zai bi ta ƙofarsa ba. To amma cikar wannan alkawari ta rataya ne a kan samar da manyan tituna da sufurin jama'a a kan kari, kuma a nan aka sami giɓi. Jirgin ƙasa na cikin gari sai a 2018 aka ƙaddamar da shi, ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai 2024. Tsadar haya kuwa ta tura ɗimbin ma'aikata zuwa Nyanya da Karu da Mararaba da Kubwa da Suleja, inda suke kwararowa kowace safiya su koma kowace yamma. Idan babban titin Kubwa ya cushe, direban da ya san gari sai ya kutsa ta cikin Gwarimpa, haka nan kuma ake yi a duk inda babban titi ya gaza. Ruwa in ya fi ƙarfin kwata, gidajen mutane yake shiga.

Hujjar Mazauna

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka bari mu fara da mazauna. Hujjarsu ta farko ta shafi rai ne. Direban da ya kuɓuto daga cunkoso da haushi da sauri yake shigowa layi, ba shi da kowa a ciki, bai san gidan da yara ke fitowa a guje ba. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa ɗan ƙarin gudu ne ke raba wanda aka buge ya tashi da wanda aka buge ya kwanta dama. Wannan ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra, wanda aka yi a Stockholm a 2020, ya nemi a taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a awa a wuraren da motoci ke cakuɗa da masu tafiya a ƙasa.

Hujja ta biyu ta shafi zumunci. A wajajen 1970 wani masani, Donald Appleyard, ya nazarci layuka uku masu kama da juna a San Faransisko, waɗanda babban bambancinsu yawan mota ne. A layin da motoci kimanin 2,000 ke bi a rana, ya tarar kowane mazauni, bisa matsakaicin lissafi, yana da abokai uku a layin. A wanda kimanin 16,000 ke bi kuwa, lissafin ko aboki ɗaya bai cika ba. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba. A wurinmu ƙofar gida ita ce wajen ɗaurin aure da raɗin suna da zaman makoki, nan dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, nan yara ke yin langa. Titin da mota ba ta yankewa ba a shimfiɗa tabarma a gefensa.

Hujja ta uku abin da ido ya gani ne. Titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola a Wuse II, da titin Gana a Maitama, don zama aka tsara su. Motoci da ciniki suka yi ta jawo juna, gidaje suka rikiɗe suka zama bankuna da kantuna da wuraren cin abinci, har a 2025 Hukumar Babban Birnin Tarayya ta amince da sauyin a hukumance, bisa tarar naira miliyan 5 a kan wanda ya sauya amfanin filinsa ba da izini ba. Wanda ya shaida wannan, in ya ji an ce a buɗe layinsu, ya san inda tafiyar take ƙarewa.

Hujja ta huɗu tsoro ne, kuma ba na banza ba. Abuja ta ga harin bam a hedikwatar 'yan sanda da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2011, da na tashar Nyanya a 2014, har aka wayi gari hukumomin tsaro da kansu sun datse titunan da ke gaban ofisoshinsu. A Janairun 2024 masu garkuwa da mutane sun shiga har cikin gidaje a yankin Bwari da Dutse, suka kwashi iyalai, aka kashe wasu. Mai gida sai ya ce: in mai bindiga ya tare titi don ya tsare kansa, ni da ba ni da ko gora fa?

Hujjar Masu Wucewa

Masu wucewa su ma ba su rasa ta cewa ba. Da farko, titin ba mazauna ne suka mallake shi ba. Sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa duk ƙasar yankin birnin a hannun Gwamnatin Tarayya, sashe na 41 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga. A unguwannin da gwamnati ta shimfiɗa wa kwalta, da kuɗin baitulmali aka yi aikin, wato har da rabon manomin Illela da masuncin Yawuri waɗanda ba su taɓa taka Abuja ba. Takardar filin mai gida a jikin katangarsa ta tsaya.

Na biyu, mu dubi wanda ƙyaure ke tarewa a aikace. Babbar mota mai baƙin gilashi in ta tunkaro, maigadi da rawar jiki yake buɗewa har da sarawa, ba ya tambayar wa ke ciki. Wanda ake tsarewa da tambayoyi shi ne ɗan ga-ruwa da mai gyaran takalmi da tela mai yawo da yarinyar da ta taso daga Mararaba tun asuba don ta share gidan wani. Zagayen da mai mota zai yi a minti biyu, mai tura kura da jarkoki goma sai ya jiƙe da gumi kafin ya gama shi. Ashe ke nan ƙyauren da aka ce don mota aka kafa, nauyinsa a kan marar mota ya faɗa.

Na uku, akwai ranar da kwaɗo ke juyowa kan masu shi. Mace na naƙuda da tsakar dare, ko gobara ta tashi, ga motar 'yan kwana-kwana a bakin layi, mai riƙe da makulli kuwa ba a san inda ya shiga ba.

Na huɗu, motar da aka hana bin wannan layi ba ɓacewa take yi ba, layin baya take komawa. Su ma mutanen can sai su yi karo-karo su kafa nasu, har a wayi gari unguwa duka ta dogara da mafita ɗaya, wadda waɗanda suka fara rufewar su ma a cikinta za su maƙale kowace safiya. Wanda ya share ƙofarsa ya tura sharar ƙofar maƙwabci bai tsabtace unguwa ba.

Daɗin daɗawa, a Abuja kalmar “layinmu” tana bukatar tawali'u. Kafin kwalta, akwai turbobin Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin, masu zuwa gona da rafi. An tashi mutanen Wuse zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja, an kai wasu ƙauyukan Kubwa, duk bisa hujjar cewa birnin na 'yan Nijeriya ne baki ɗaya. Bai dace a tashi mutum da sunan kowa-da-kowa ba, sa'an nan a sa wa wurin kwaɗo da sunan 'yan gidaje ashirin.

Abin da Magabata Suka Hango

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Birnin Kano yana da ganuwa, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta, da ƙofofi irin su Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Ruwa. A da, akan rufe su da dare a buɗe da asuba, kowace kuma da sarkin ƙofarta. Abin lura a nan shi ne, hukuma ce ke riƙe da ƙofar, gari duka take tsarewa, kuma in gari ya waye fatake da masu itace da masu tallan nono duk su shige. A cikin birni kuwa sai lungu, ga ƙunci ga kwana-kwana. Baƙo yana iya ratsa shi daga wannan unguwa zuwa waccan ba mai ce masa daga ina, amma ba ya iya sukuwa a cikinsa. Siffar lungu ce ke ladabtar da mai sauri, ba tare da an tuhumi kowa ba.

Malaman fiƙihun Malikiyya ma sun yi dogon bayani a kan lamarin. A ƙarni na 14 wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, wanda alƙalai kan aika ya duba rigingimun gine-gine, ya tattara hukunce-hukuncensu a littafi guda. Sun raba hanya gida biyu. Hanya mai ɓullewa ta jama'a ce, babu mai ikon toshe ta ko cin wani yanki nata, iyaka mai gida ya amfana da ɗan filin da ke jikin bangonsa matuƙar bai takura wa masu wucewa ba. Hanya marar ɓullewa kuwa ta mazaunanta ce a tare, ba a yin wani sauyi a cikinta, ko da kafa ƙyaure ne a bakinta, sai da yardarsu. Ginshiƙin duka shi ne ƙa'idar nan ta hana cuta da hana ramuwa da cuta. Hadisi ya ƙayyade faɗin hanya da zira'i bakwai in an yi jayayya a kanta. Wani hadisin kuma ya nuna cewa hanya kanta tana da haƙƙi a kan masu zama a bakinta, daga ciki har da kame cuta da amsa sallama. Wato mazaunin bakin hanya yana da abin da ake binsa, kamar yadda yake da abin da yake bi.

Sai dai kada mu manta, abin da ke bin hanya a wancan zamani mutum ne da jaki da raƙumi. Ƙarfe mai nauyin tan ɗaya da rabi yana gudun kilomita 60 a awa wani halitta ne daban. Ƙa'idar da ta hana mai gida toshe hanya ita ce dai ta hana direba mayar da ita filin tsere, tun da duka biyun cuta ce.

Ina Cutar Take?

Idan muka tattara abin da ya gabata, za mu ga abubuwa uku ne mazauna ke kuka da su: gudun mota, da yawan mota, da tsoron mugu. Babu ɗaya daga ciki da mai tafiya a ƙasa da rana tsaka ya jawo. Saboda haka kowace cuta a nema mata maganinta.

Gudu maganinsa siffar titi, kamar yadda lungu ya koya mana: a ƙuntata shi, a yi tudun rage gudu, a dasa itatuwa, a ware wa masu ƙafa gefensu. Ƙasar Holan tun 1976 ta sa irin waɗannan layuka a doka, inda aka yarda mota ta shiga amma da tafiyar ƙafa, yara kuma su yi wasansu a kai. Yawan mota kuwa, in ya fi ƙarfin layin da aka tsara don zama, ana iya kafa turaku a tsakiyarsa waɗanda mutum da keke da kura za su wuce, mota ta zagaya. Amma wannan hukunci ne na hukuma, bayan ta auna inda motocin za su koma. Tsoron mugu da dare ya fi ƙarfi, don haka ƙyauren dare mai maigadi a farke yana da uzuri. Gwamnatin Legas ta daɗe da kafa ƙa'idar cewa ba a rufe ƙyauren layi sai daga sha biyun dare zuwa biyar na asuba, kuma da mai tsaro a wurin, a ƙarshen 2023 ma ta ciccire waɗanda aka garƙame a Lekki. In aka lura, wannan bai yi nisa da aikin sarkin ƙofa ba.

Da me za mu auna adalcin kowane mataki? Masanin falsafa John Rawls ya kawo shawara a 1971, cewa doka mai adalci ita ce wadda mutum zai amince da ita tun bai san matsayin da zai tsinci kansa a ƙarƙashinta ba. A maganar hanya ba ma sai mun wahalar da tunani ba, domin kuwa kowanenmu mazauni ne a layi ɗaya tak, mai wucewa ne a duk sauran layukan birnin. Shugaban ƙungiyar mazaunan da ya sa aka garƙame layinsu, gobe da safe ta ƙofar wasu zai bi ya kai yaransa makaranta. Dokar da ba zai so ya tarar a can ba, bai kamata ya kafa ta a nan ba. Haka shi ma direban da ke sheƙa gudu a layin wasu, ya tuna akwai layin da nasa yaran suke wasa.

Wannan ma'auni yana tona wani aibi a yadda ake yanke shawarar. Taron da ake yi galibi na masu gidaje ne. Ɗan haya da mai zama a ɗakin 'yan aiki ba su cika samun bakin magana ba, balle mutanen layin baya da za a tura wa motocin, balle ɗan ga-ruwa. Rinjayen da aka samu bayan an bar masu ɗaukar nauyin hukuncin a waje, ba za mu kira shi shawara ba.

Hukuma ma ba ta kuɓuta ba. Kowane ƙyaure shaida ne cewa jama'a sun fid da rai da a tsare su. In hukuma ta zo da katafila ta tumɓuke shi ta tafi, ba ta rage gudun mota ba, ba ta kawo sintiri ba, ba ta gama babban titin da ya kamata ya ɗauke motocin ba, to ta karya alkawarin taswira sau biyu ke nan. In kuma ta kau da kai don layin na manya ne, ta cire na talakawa kawai, ta koya wa jama'a cewa hanya ta mai ƙarfi ce.

Kammalawa

Mun ga cewa kukan mai gida na gaskiya ne, haƙƙin mai wucewa kuma tabbatacce ne, sa'an nan magabatanmu sun riga sun nuna cewa ana iya kiyaye duka biyun in aka bambance hanya mai ɓullewa da marar ɓullewa, aka bambance dare da rana, aka kuma ladabtar da gudu maimakon a tuhumi mutum. Da yawa daga cikin ɗaliban da ke karanta wannan mujalla wata rana su ne za su zauna a kujerar hukuma, ko su shugabanci ƙungiyar mazauna wani layi a Abuja ko Kano ko Sakkwato. In ranar ta zo aka kawo maganar ƙyaure, muna fatan kafin a fara karɓar karo-karo za su tambaya: wace cuta muke so mu kawar, a kan wa za ta koma in mun rufe, kuma an kira shi wannan taro? Hausawa dai sun ce zama lafiya ya fi zama ɗan sarki, amma ba su ce a same shi da kwaɗo ba. Allah ya sa mu zama masu ba hanya haƙƙinta, muna zaune a bakinta ko muna tafe a kanta.